Gwafa Ba Abin Kunya Ba Ce Ga Maharbi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mafarautan yammacin Katsina, tun daga Darini da Wagini har Runka da sauran garuruwan ƙasar Batsari da Safana masu maƙwabtaka da dajin Rugu, wadda saboda yawan maimaitawa ta zama kamar hukuncin da ba a tambayar hujjarsa. Wai cikakken maharbi ba ya jingina bindigarsa a kan kome, sai dai ya tsaya ƙyam, ya kafa ta a kafaɗa, ya saki wuta. Wanda kuwa aka gani ya fito da 'yar gwafa domin ya aza bindiga a kanta, to, ko dai tsufa ya ci ƙarfinsa, ko kuwa tun asali bai gaji sana'ar ba. Yaro in ya yi ƙarfin hali ya saro tasa, kafin a bar bayan gari wani babba zai dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, farauta za mu ko rumfa za ka kafa?" A yi dariya, shi kuwa ya ce, "A gafarce ni, Baba," ya jefar da ita a gefen hanya. Ni a wurina wannan magana ɓata ce, kuma ɓarnar da take jawowa ta fi ƙarfin a bar ta a matsayin raha.

Asalinta, ga abin da nake gani, gado ne daga zamanin baka da kibiya. Maharbin dā yana shafa wa kibiyarsa dafin ƙwanƙwani, saboda haka ko a cinya ya sami gwanki ko mariya, dafin ne zai ƙarasa aikin, shi nasa kawai ya bi sawu. Ga shi kuma baka ba abin jinginawa ba ne, ƙarfin dantse ne ke riƙe shi. Sannan ga farautar gayya, ta karnuka da gora da kirari, inda nama yake fitowa a guje, kowa ya jefa abin da ke hannunsa, wanda ya riga ya sha yabo. A waɗannan wurare biyu sauri shi ne gwaninta, babu mai musu. Kuskuren shi ne da aka ɗauko wannan ma'auni aka ɗora wa mai sanɗa da bindiga, alhali harsashi ba ya ɗauke da dafi, kuma dabbar da ake yi wa sanɗa tana tsaye ne tana kiwo, ba ta san da kowa ba.

A yi lissafi kaɗan, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. Idan tsakanin kafaɗar mutum da bakin bindigarsa akwai kimanin mita 1, kuma bakin ya goce da rabin santimita kawai, to a nisan mita 40 harsashi zai kauce da santimita 20. Wurin da ake so a samu a jikin barewa ko gada kuwa, wato bayan ƙafar gaba inda zuciya da huhu suke, bai fi faɗin ƙaramin faifai ba. Rabin santimita ɗin nan ba sai an ji tsoro ake samunsa ba: numfashi na kawo shi, bugun zuciyar wanda ya yi rarrafe mai nisa na kawo shi, haka ma sanyin hunturu da yunwar wanda ya fito tun asuba. Balle kuma bindigar toka, wadda tsakanin jan kunama da tashin albarushi akan sami ɗan jinkiri, musamman in garin ya sha raɓa, kuma a cikin wannan jinkirin ne hannun da ya gaji da ɗaukar ƙarfe yake saki. Jarumtaka ba ta hana tsoka rawa. Wanda ya ce hannunsa ba ya motsi, a ba shi ƙwarya cike fal da ruwa ya miƙe hannu da ita, a gani.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ta fuskar shari'a, kuma abin mamaki ne yadda masu alfahari da harbin tsaye suke sakaci da wannan, alhali da yawansu sun zauna gaban malami an biya musu Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ta haɗa hukuncin farauta da na yanka da layya a babi guda. A mazhabarmu ta Malikiyya farauta domin wasa kawai makaruhi ce. Halaccinta ya ginu ne a kan neman abinci ko abin sayarwa. An kuma shar'anta kyautatawa wajen kisa, kamar yadda aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba. Fuƙaha'u sun yi bayani cewa abin farautar da aka raunata, ya ɓace wa mai shi har ya kwana, sannan aka tarar da shi matacce, ba a cinsa, sai dai wasu sun yi rangwame idan an sami makamin a wurin da yake kisa. To, barewar da aka fasa wa ciki ko aka karya wa ƙafa, ta shige cikin sabara da geza da magariba, ta kwana tana shan azaba, da safe ungulu suka nuna inda take, wace riba aka ci? An azabtar da halittar Allah, an mai da halal mushe, an ƙona albarushi a banza, duk domin kada a ce wane ya jingina. Wannan ba bajinta ba ce, riya ce da ujubu, kuma dabba ce take biyan kuɗinsu.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja guda mai ɗan nauyi, ita ce gwafa kaya ce, kuma kafin a kafa ta nama ya tsere. Gaskiya ne ga zomo ko fakara da suka tashi a gaban ƙafa, kuma babu wanda ya ce a nemi sanda a irin wannan hali. Amma mai sanɗa, wanda ya yi rabin sa'a yana bin iska domin kada a ji warinsa, ba ya rasa daƙiƙun da zai soka itace a ƙasa. In kuwa ya rasa, to harbin ma bai kamata ba. Kuma ina mamakin mutanen da kakanninsu suka ƙago dabarar ɗaura kan burtu a goshi, su durƙusa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo har su isa kusa da nama, ba su ɗauki wannan ragwanci ba, sai ga shi jikokinsu suna jin nauyin riƙe sanda. Farauta tun fil azal hikima ce. Sojojin Turai na ƙarni na 16 da na 17 da gwafa suke yawo domin manyan bindigoginsu, masu sanɗar barewar Turai a Ingila da Sukotland har gobe da sanduna suke fita, haka kuma ƙwararrun mafarautan Tanzaniya da Afirka ta Kudu, waɗanda bindigoginsu suka fi namu saiti nesa ba kusa ba.

Ba kuma ina cewa a je Kano ko Katsina a nemo mai ƙafafun ƙarfe ta ƙasar waje ba, domin abin da ake bukata yana nan a bayan gari. Gwafa guda ta marke ko kanya tana da ƙwari, tana kuma zama sandar dogarawa, sai dai tana hana rawar sama da ƙasa ne kawai, ta bar ta hagu da dama. Sanduna biyu na gora, a gicciye, a ɗaure su kusa da kai da robar tayar keke, sun fi ta natsuwa, ga sauƙin ɗauka. Uku kuwa suna tsayawa da kansu, amma sun fi wuyar kafawa a ɓoye. Tsawo ya danganta da lokaci: da kaka, sa'ad da gamba ta kai ƙirji, sai mai tsawon da za a yi harbi a tsaye, da rani, bayan ciyawa ta kwanta, gajeru na zaune ko na durƙuso sun fi, domin duk yadda mutum ya kusanci ƙasa haka jikinsa yake ƙara tsayawa. A naɗe bakin gwafar da fata ko tsumma saboda ƙara, a aza katakon bindiga a kai maimakon ƙarfenta, kuma wanda ya sami dutse ko kututture zai jingina, ya fara shimfiɗa hularsa, don abu mai tauri yana sa bindiga ta yi tsalle.

Halin da ake ciki yau ya ƙara wa maganar nauyi. Manyan namun da dattawa suke ba da labarinsu a Rugu sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda ta ware waɗanda aka hana kashewa da waɗanda sai da lasisi. Ga shi kuma ɓarayin daji sun hana shiga can ciki, saboda haka 'yar farautar da ta rage ana yin ta ne a gefen gonaki da fadamu, inda mata ke itace, yara ke kiwon awaki. Harsashin da ya kuskure gada a irin wannan wuri ba ya ɓacewa, wani wuri yake sauka. Don haka ina kira ga sarakunan baka na ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, tun da su ake jin maganarsu a wannan sana'a, su fara fita da gwafa a hannunsu a gaban yaransu, su kuma tsawata wa mai yi wa yaro dariya a kanta.