Half-Life: Wasan Harbin da Ya Fara da Makara Wurin Aiki

A gidajen gem na Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, ƙwallon ƙafa ce ke mulkin allo, sai kuma wasannin harbi irin su Call of Duty da PUBG da Free Fire da samari ke bugawa a waya. Da wuya a ji wani ya ambaci Half-Life, kuma ba abin mamaki ba ne. Wasan ya fito ranar 19 ga Nuwamba, 1998, shekara uku kafin wayar salula ta zamani ta shigo Najeriya, a lokacin da mai neman kwamfuta a wannan yanki sai ya nufi manyan ofisoshi ko jami'a a Zariya. Duk da haka, yawancin wasannin harbi masu labari da suka biyo baya a kan sawunsa suka taka. Ya cancanci a koma masa yau, kuma wanda zai fi gane inda ya dosa shi ne babban mutum mai aikin albashi, wanda ya san ɗacin jin cewa umarni daga sama ya zo.

Irin wannan wasa, ɗan wasa yana kallon duniya ne ta idon jarumin: ba ya ganin fuskarsa, sai hannunsa da makamin da ke ciki. Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a 1993, shi ya yayata salon, kuma labarinsa bai wuce 'yan layuka ba: ga dodanni, ga bindiga, a fafata. Gabe Newell da Mike Harrington, tsofaffin ma'aikatan Microsoft da suka kafa kamfanin Valve a 1996, sun karɓi injin wasan Quake suka yi masa garambawul, sannan suka ɗauki marubucin ƙagaggun labarai, Marc Laidlaw, ya zauna tare da masu tsara wasan. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa tun daga mintinsa na farko ya bambanta.

Babu harbi a farkon Half-Life. Mutum yana tsaye cikin wani ɗan jirgin ƙasa da ke ratsa ƙarƙashin duwatsun jihar New Mexico ta Amurka, cikin wata cibiyar binciken sirri mai suna Black Mesa, murya tana karanto sanarwar ma'aikata: yanayin zafi, ƙa'idojin tsaro, har da guraben aiki. Tafiyar tana cin kusan minti biyar. Jarumin, Gordon Freeman, masanin kimiyyar fiziks ne mai shekara 27, mai digirin digirgir, kuma ya makara. Mai gadi ya buɗe masa ƙofa, na kan tebur yana ƙorafin kwamfutoci sun lalace tun safe, abokan aiki suna masa gunaguni cewa ana jiransa. Ya sa rigar kariya ya gangara ɗakin gwaji. A hanya ne manyansa ke shaida masa, cikin muryar da ba ta son a yi tambaya, cewa an ƙure na'urar zuwa kashi 105 cikin 100 na ƙarfinta, domin shugaban cibiyar ya matsa lamba a samu sakamako a ranar. Wani akwatin lantarki ya yi tartsatsi a gabansu. Suka ce ba komai.

Daga nan sai abin da ya sa wannan wasa ya zama abin nazari. An turo wani dutse mai ƙyalli a kan amalanken ƙarfe, aka ce Freeman ya tura shi cikin hasken na'urar. A wasu wasannin, nan ne za a ƙwace linzami daga hannun ɗan wasa a nuna masa fim, ya zauna ya kalli bala'i yana aukuwa kamar yadda ake kallon hatsarin mota daga gefen titi. Half-Life ba ya ƙwace linzami. Idan ɗan wasa bai tura amalanken ba, labari ba ya gaba. Zai tsaya nan ana ta kiransa ta lasifika. A ƙarshe da yatsansa zai tura, ɗakin ya tarwatse, ƙofa ta buɗe tsakanin duniya da wata nahiya mai suna Xen, halittunta su kwararo. Duk gawar da zai tsallake a sa'o'in da ke tafe, ya san hannunsa na ciki, ko da yake ba shi ya yanke shawara ba.

Hausawa na cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma akwai hikimar zaman tare a cikin maganar. Sai dai ba ta faɗi abin da na baya zai yi idan ya hango rami na gaba bai hango ba, ko ya hango ya kau da kai. Ma'aikaciyar jinya da ta fito daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, da injiniyan da aka ce ya sa hannu cewa an kammala kwalbati alhali siminti bai ji ba, da akawun da aka miƙa wa takardar biyan kuɗi ana tsaye a kansa, kowannensu zai iya samun kansa gaban irin wannan amalanke. Tarihi ma ya san shi. A daren da ya gabaci 28 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun yi gargaɗin cewa sanyi zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger aiki. Manya suka zauna suka ce a harba. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Black Mesa ƙirƙira ce, amma zancen da ake yi a farfajiyarta kafin gwajin, wato kowa ya san akwai matsala kuma kowa na jiran wani ya fara faɗa, an kwafo shi daga rayuwa daidai wa daida.

Juyi na biyu ya fi na farko ɗaci. Bayan an sha wuya da dodanni, sai labari ya bazu cewa sojoji sun iso. Wani masani ya ruga wurinsu da murna, yana ɗaga hannu. Suka bindige shi. An turo su ne su share dodannin, su kuma share duk wanda ya ga abin da ya faru. Daga wannan lokaci abokin gaba mafi haɗari a wasan mutum ne mai kaki, wanda shi ma umarni yake bi, kuma daga baya za a turo wasu su share shi. Mai karatu a Arewa ba ya buƙatar a koya masa cewa gwaji kan iya ɓaci, a kuma shafe shekaru ana jayayya a kan wa ya san me. A 1996, shekarar da aka kafa Valve, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, a gwajin da ya haɗa da yara kusan 200. 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ba a kwatanta raɗaɗin iyaye da wasan kwamfuta. Abin lura kawai shi ne masu wasan sun fahimci cewa bayan hatsari akan buɗe yaƙi na biyu, a kan wanda zai ba da labari.

Inda wasan ya yi ƙarya shi ne a kimiyyarsa. Sunansa kalma ce ta masana nukiliya: tsawon lokacin da rabin sinadari mai fitar da tururin nukiliya ke ɗauka kafin ya rikiɗe. Amma nukiliyar Black Mesa ta tatsuniya ce, koren ruwa mai walƙiya yana malala a ƙasa kamar kwata. Wanda ke son ganin ta gaskiya ba sai ya yi nisa da Kudan ba. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 ko ɗan sama da haka, wadda ta fara aiki a 2004. Ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyam mai ƙarfin da za a iya sarrafa shi ya zama makami zuwa mai rauni, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, da sa idon hukumar nukiliya ta duniya. Aiki ne na takardu da awo da haƙuri, wanda ba zai taɓa zama wasan harbi ba, kuma hakan yabo ne.

Ta fuskar bugawa, yawancinsa bai tsufa ba. Sojojin suna ɓuya, suna zagayowa ta baya, suna jefo gurneti su tilasta wa mutum fita daga maɓoya, abin da ya girgiza 'yan wasa a 1998 kuma har yau yana sa gumi. Makamin farko ƙarfen ɓalle akwaku ne, irin na 'yan dako da makanikai, kuma shi ya zama tambarin wasan. Babi mafi kyau shi ne na wani makahon dodo mai dogayen hannuwa da ya mamaye ramin gwajin roka: ba ya gani, sai ji, harsashi kuma ba ya yi masa komai. Dole a yi sanɗa a wuce shi, a je a kunna mai, a kunna iskar shaƙa, a dawo da wutar lantarki, sannan a tayar da injin rokar a ƙone shi. Duk wanda ya taɓa bin layin janareto yana neman inda matsala take zai ji daɗin wannan babi fiye da kowane harbi.

Aibobinsa kuwa a fili suke. Fuskokin mutane kamar an sassaƙa su da gizago, masanan duk kusan kamanni huɗu ne ake ta maimaitawa. Babin jirgin ƙasan ɗaukar kaya ya yi tsawon da bai kamata ba. Tsalle-tsalle a kan akwaku da bututu na gajiyarwa, tunda mutum ba ya ganin ƙafarsa. Mafi muni shi ne ƙarshen, lokacin da Freeman ya tsallaka Xen: da an bar ofisoshi da farfajiyoyin da suka ba wasan ma'ana, sai ya koma tsalle daga dutse zuwa dutse a sararin da ba ya tuna wa kowa komai. Akwai kuma jini da gutsattsarin jiki, har a Jamus sai da aka mayar da sojojin mutum-mutumi kafin a sayar da shi. Ba na yara ba ne. Maganganun cikinsa da Ingilishi ake yi, cikin hayaniya, don haka mai son kama labarin sai ya kasa kunne sosai.

Samunsa ba wuya. An tsara shi ne don kwamfutar da ke da ƙwaƙwalwar megabait 24, saboda haka tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu za ta ɗauke shi ba tare da nishi ba. Yana nan a kasuwar Steam, Valve ta sabunta shi a Nuwamban 2023 don cikarsa shekara 25, kuma ana iya adana ci gaba a kowane lokaci, abin da ke da amfani inda wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Akwai sabon gini da masoyansa suka yi mai suna Black Mesa, wanda aka kammala a 2020, ya gyara Xen sosai, amma yana son na'ura mai ƙarfi. Daga jikin Half-Life ne kuma Minh Le da Jess Cliffe suka ƙera Counter-Strike a 1999.

Tun daga jirgin farko, mai lura zai riƙa hango wani mutum cikin kwat da jakar hannu, yana tsaye bayan gilashi ko a kan bene inda ba a iya kai masa, yana kallo, yana gyara lakataye, ya juya ya tafi. Ba ya taimako, ba ya cutarwa. Sai bayan an kashe babban dodon Xen yake magana. Ya karɓe makaman Freeman, tunda yawancinsu kayan gwamnati ne, ya yaba masa, ya ce iyayen gidansa sun ga alamar zai yi amfani, ya yi masa tayin aiki. Suna tsaye ne cikin ɗan jirgin ƙasa irin na safiya, sai dai yanzu duhu yake ratsawa. Ƙofa ta buɗe. Wanda ya ƙi shiga, za a jefa shi tsakiyar rundunar dodanni hannu rabbana, wasa ya ƙare. Wanda ya shiga, rubutu zai bayyana a allo cewa an ɗauke shi aiki, yana jiran a tura shi. Sai da ya jira har 2004, lokacin da Half-Life 2 ya fito.