Sharhi: Wutar da ke cikin ɗan tsuntsu

In hunturu ya kankama a Damagaram, duk wanda ya fito sallar asuba a Birni ko Zango yakan ga ƙananan tsuntsaye sun takure a reshen bedi, sun kumbura gashi, kai a cuse cikin fiffike. A watan Janairu sanyin dare yakan sauko wajen digiri 15 a Zinder, amma jikin tsuntsu yana nan a kan digiri 40 zuwa 42, ya fi na mutum zafi. Jan baki, wannan da ke wa manoma ɓarnar gero, bai cika wuce giram 20 ba, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin zubar da ɗumi.

To, daga ina wutar? A gindin wuyan tsuntsu akwai wasu ƙullutai guda 2 da likitoci ke kira tayirod, irin wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo a wuyan mutum idan aidin ya yi ƙaranci. Su ke zuba sinadarin T4 cikin jini, hanta ta mayar da shi T3, wanda shi ne mai ƙarfin. Aikinsa aikin mai zuga ne a maƙera: sanyi na tsananta sai ya ƙaru, jiki ya dinga ƙona abinci da sauri, tsokar ƙirji ta yi ta makyarkyata tana fid da zafi. Shi ya sa gari na wayewa tsuntsu ke afka wa hatsi ba ji ba gani. Abin da ya ci jiya ya ƙone da dare.

Masu kiwon kaji, ku wannan ya fi shafa. Ɗan tsako bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba a kwanakin farko, don haka fitila ko kaskon garwashi a ɗakinsa wajibi ne, a dai bar wa hayaƙi mafita. Manyan kuma a ƙara musu tsaba da dusa. In bazara ta zo, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, T3 yakan ja baya, kaza ta rage ci, ƙwai ya ragu. Wasu su ce cuta ce, su ruga sayen magani, alhali inuwa da ruwan sanyi take nema.