Raddi ga Masu Cewa Gidajen Pullman Ba Su Cancanci Adanawa Ba

A kudancin birnin Shikago na Amurka akwai unguwar Pullman, inda gidajen jan bulo ke jere kafaɗa da kafaɗa, bangon wannan shi ne na maƙwabcinsa. George Pullman, mai kamfanin ƙera taragun kwana na jirgin ƙasa, ya fara gina su a 1880 don ma'aikatansa. Akwai masu cewa barikin 'yan ƙwadago ne kawai, kuma kashe kuɗi wajen adana su girmama azzalumi ne. Ban yarda da wannan magana ba, ga kuma hujjojina.

Da'awarsu ta farko, wai gini ne na ƙaranta. Mai faɗin haka bai tsaya ya duba ba. Solon Beman ne ya zana gidajen, Nathan Barrett ya tsara tituna da lambuna. Da yumɓun tafkin Calumet da ke kusa aka ƙona bulon. An ja ruwan famfo da iskar gas zuwa gidajen, aka shimfiɗa magudanar ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, a zamanin da talakan Shikago ke cunkushe a gidajen katako marasa ban ɗaki a ciki. Beman kuma bai yi su tamkar an zuba a ma'auni ɗaya ba: ya sassauya fasalin rufi da tagogi da ƙofofi, har ido ba ya gajiya da kallon layin.

Da'awa ta biyu ta fi nauyi, kuma a nan suna da rabin gaskiya. Pullman ba sadaka ya yi ba. Ribar kashi 6 cikin ɗari yake nema daga unguwar, ya hana ma'aikaci sayen gidan da yake ciki. Da tattalin arziki ya karye a 1893, ya zabge albashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, kuɗin haya kuwa bai rage ba. Wannan ne ya haifi yajin aikin 1894, wanda ƙungiyar ƙwadago ta Eugene Debs ta mara wa baya, har gwamnatin tarayya ta turo sojoji, aka rasa rayuka. To, amma ina shaidar wannan zalunci in ba ginin ba? Manyan gidajen shugabanni na dab da masana'anta, na ƙwararrun ma'aikata na biye, leburori kuwa an tura su gefe cikin ɗakunan haya. Bambancin matsayi a rubuce yake da bulo, kowa na iya takawa ya gani. Wanda ya rushe gidajen, Pullman ya wanke.

Ta uku, wai gadon kamfani ne. Tarihi ya ƙaryata wannan. A 1898 Kotun Ƙolin jihar Illinois ta umarci kamfanin ya sayar da duk kadarar da ba ta masana'anta ba, daga baya gidajen suka koma hannun mutane. Da aka kawo shawarar share unguwar a 1960 don gina masana'antu, mazaunanta ne suka haɗa kai suka hana, suka shiga gyara gidajensu da kuɗin aljihunsu. Ƙoƙarinsu ya sa aka amince da ita a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1970, kafin Shugaba Obama ya ɗaga darajarta a 2015, kuma har yau iyalai ne ke zaune a ciki.