Mu Yar Da Tsoho Ne Ko Mu Gyara Shi?

Jama'ar kwaleji, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina da wata magana da nake so mu duba tare, musamman mu da ke koyon aikin kwamfuta don mu koyar da shi gobe.

Sa'ad da aka tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar sakandare a Jimeta, na tarar suna da shafin intanet inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Wani malami ne ya rubuta shi shekarun baya, da harshen kwamfuta da ake kira PHP, bugu na 5, kuma ya daɗe da barin makarantar. Ran nan kamfanin da ke ba su hayar wurin ajiye shafin ya aiko musu cewa zai daina ɗaukar wannan tsohon bugu. Sai wani saurayi ya zo wa Hedimasta da shawara, wai PHP ya mutu, a rushe kome, a ba shi kuɗi ya gina sabo da Node.js da React. Hedimasta ya kira ni, ya ce, "Malam, kai da ke karatun abin nan, me ka gani?" Amsar da na ba shi ita ce zan faɗa muku.

Da fari dai, yawan shekaru ba ya kashe kayan aiki. Wani mutum mai suna Rasmus Lerdorf ne ya fito da PHP a 1995, amma har yanzu da shi WordPress ke aiki, da Moodle wanda makarantu ke koyarwa da shi, da Wikipedia duk da ta Hausa. Masu kula da shi kuwa ba su yi barci ba. Sun fitar da bugu na 7 a Disamba 2015, na 8 kuma a Nuwamba 2020. To, wanda ake ta ɗinka wa sababbin riguna haka, yaya za a ce ya mutu?

Amma fa kada wani ya ce ina cewa a zauna kan tsoho ko ta halin ƙaƙa. Sabo turken wawa ne. Ku tuna da Flash, wanda dā ake yin wasanni da darussa masu motsi da shi a shafukan intanet. Kamfanin Adobe ya yi shela tun 2017 cewa zai daina kula da shi, ya kuwa daina ran 31 ga Disamba 2020. Waɗanda suka yi kunnen ƙashi, darussansu suka daina buɗewa, wahalarsu ta tafi a banza. Haka kuma bugu na 5 na PHP ɗin nan, tun ƙarshen 2018 aka daina toshe masa kafofi. Makarantar da ta bar sunayen yara da sakamakonsu a cikinsa, ta bar ƙofa buɗe ga 'yan kutse ke nan.

Ku je bakin Binuwai, ko wajen masuntan Njuwa, ku ga yadda suke yi da kwalekwale. Ba sa yar da shi don ya tsufa. In ya fara yoyo sai su toshe, su ci gaba da kamun kifinsu. Sai ran da katakon ya ruɓe, ba ya riƙe gyara, sannan su nemi wani. Flash ruɓaɓɓen katako ne. PHP kuwa kwalekwale ne mai ƙwari, gyara kaɗai yake bukata.

Saboda haka na ce wa Hedimasta mu yi wa abin tambaya uku. Ta ɗaya, masu shi suna kula da shi har yanzu? PHP, i, bugu na 5, a'a. Ta biyu, in ya lalace ran da iyaye ke jiran sakamako, akwai mai gyara shi kusa? Masu sanin PHP ba su da wuyar samu, kuma kusan duk mai ba da hayar wurin ajiye shafi yana ɗaukarsa da araha. Ta uku, me sabon zai yi mana wanda tsohon ya kasa? Nan saurayin ya yi shiru, don aikin shafin bai wuce a shigar da lambar yaro a ga makinsa ba. Iyaye da yawa kuma ƙananan wayoyi gare su, kuɗin data na damunsu, shafi marar nauyi shi ya fi musu.

Muka tsaya kan a bar PHP, a ɗaga shi zuwa bugu na 8. Aikin ba wasa ba ne, don tsofaffin umarnin da malamin ya yi amfani da su wajen magana da rumbun bayanai, masu farawa da mysql, an cire su tun bugu na 7, sai da muka sake rubuta su ɗaya ɗaya. Muka kuma rubuta bayanin yadda shafin ke aiki a littafi, muka ajiye a ofis, don wanda zai gaje mu kada ya sha wuyar da muka sha.

Ba na ƙin Node.js ko React. Kaya ne masu kyau, kuma ya kamata mu koye su, don akwai aikin da sun fi dacewa da shi. Abin da nake ƙi shi ne a kashe kuɗin makaranta don a ce an bi zamani, alhali ajujuwa na neman kujeru. Mu da za mu zama malamai, in muka koya wa yara cewa kome sabo shi ne daidai, bayan shekara goma wani zai zo ya rushe nasu aikin da wannan hujja.

Wanda ke da wani ra'ayi dabam, ya rubuto wa Edita, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.