Filin da ya kayar da sarakunan hoki

Wannan makon mu ajiye tamaula tukuna, mu leƙa wasan hoki, wanda wasu ke kira ƙwallon gora. 'Yan wasa sha ɗaya-sha ɗaya ne kamar tamaula, sai dai kowa riƙe yake da sanda mai lanƙwasasshen kai, kuma da gefenta mai faɗi kaɗai aka yarda a taɓa ƙwallo.

Ga tambaya: wace ƙasa ce ta fi kowa ɗaukar Kofin Duniya na hoki na maza? Na san wasu za su ce Jamus. To, Pakistan ce. Sau huɗu ta ɗauka: 1971, 1978, 1982 da 1994. Amma da aka yi gasar 2023 a Indiya, ko gurbin shiga ba ta samu ba.

Da farko a kan ciyawa ake wasan. Filin ciyawa kuwa akwai tudu da kwari, ƙwallo na iya yin tsalle ta kauce, don haka mai laushin hannu da iya yanka shi ne gwani. A nan 'yan Indiya da Pakistan suka gagari kowa. A gasar farko, wadda aka yi a Barcelona a 1971, Pakistan ta zo ta ɗaya, Indiya ta uku, Kenya ta huɗu. Na'am, Kenya ta nan Afirka. Gana ma ta buga gasar 1975, wadda Indiya ta lashe.

Sai aka sauya filin. A wasannin Olamfik na 1976 a Montreal aka fara amfani da ciyawar roba, wadda ake jiƙawa da ruwa kafin wasa. A kanta ƙwallo ba ta tsalle, gudu take sumul kamar an harba kibiya. Wasa ya koma na sauri da ƙarfin jiki da miƙa ƙwallo daga nesa. Kofin Duniya na farko a kan irin wannan fili shi ne na Landan a 1986, ƙasashe 12 suka shiga. Pakistan ta zo ta 11, Indiya ta 12.

Dalilin ba boyayye ba ne: filin roba tsada gare shi, ga kuma buƙatar ruwa. Yaro a Holan ko Jamus yana tasowa a kansa tun yana ƙarami, a kulob ɗin unguwarsu. Takwaransa na Lahore kuwa ya koyi wasa a kan ciyawa ko turɓaya, sai ya girma sannan ya taka filin roba, ya fara koyo sabo. Kamar a ce ka shekara kana bitar jarrabawa da biro, ranar jarrabawa a zaunar da kai gaban kwamfuta.

Ni dai ban yarda a ɗora wa fili laifin duka ba. Ai kofin da Pakistan ta ɗauka a Sydney a 1994 a kan roba ne, ke nan sun iya. Abin da ya ƙarasa su rashin kuɗi ne da rikon sakainar kashi, ga kuma wasan kurket da ya janye hankalin yara. Tun daga 1998, kofin bai fita daga hannun Holan da Jamus da Ostireliya da Beljiyam ba. A wasan ƙarshe na 2023, Beljiyam ta fara cin biyu, Jamus ta farke, aka tashi 3-3, sannan Jamus ta yi nasara 5-4 a bugun raba gardama.

Indiya kam ta farga. Gwamnatin jihar Odisha ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin hoki na ƙasar tun 2018, ta shimfiɗa filayen roba har a yankunan karkara, ta kuma karɓi baƙuncin Kofin Duniya sau biyu a jere. A Olamfik na Tokyo, Indiya ta doke Jamus 5-4 ta samu tagulla, lambarta ta farko a hoki cikin shekara 41. A Paris a 2024 ma ta sake samun tagullar.