Neman Kyamarar Fim da Aljihun Ɗaliba

Masu tambayar abin da ya hana ni rubutu a makon jiya, ga dalilin nan: yawon neman kyamara ne ya cinye min ranakun.

A makon farko na wannan zangon karatu, malaminmu na kwas ɗin ɗaukar hoto ya shigo aji ya rubuta sharaɗinsa a allo. Duk aikin da za mu miƙa masa sai an ɗauke shi da kyamarar fim mai milimita 35, irin wadda mutum zai saita komai da hannunsa. Ba ya karɓar na waya, ba ya karɓar na dijital. Aji ya ɗauki gunaguni. Wani daga kujerun baya ya ce, "Malam, ai wannan sai dai mu je Gidan Makama mu aro." Malam ya bari muka gama dariya, sannan ya ce sashenmu yana da kyamara huɗu, biyu ne ke aiki, mu kuma mu 43 ne, kuma aikin maki 40 ne cikin 100. Nan take dariyar ta ɗauke.

Da na kai maganar gida, Baba ya dube ni ya ce, "Ita wayar da na saya miki bara, ba ta ɗaukar hoto ne?" Na yi ta bayani har na ga ya gaji. Washegari ya miƙo min naira 40,000, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, kada in sake tayar masa da zancen. Na haɗa da 15,000 ta adashina. Da wannan zan sayi kyamara, in sayi fim, in biya wanki.

Na fara da intanet, kamar yadda kowa zai yi. Duk inda na duba suna ɗaya ake kira wa ɗalibi, Pentax K1000. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, kuma makarantun koyon hoto a Amurka da Turai sun daɗe suna dogaro da ita saboda ba ta da ƙyale-ƙyale: maɓallin gudu, zoben buɗa haske, sai wata allura a cikin madubin leƙe da ke nuna maka ko hasken ya yi daidai. To amma wannan sunan da ta yi shi ne ya zame mana matsala. Kowa ita yake nema, don haka farashinta ya haura. Da na mayar da dalolin zuwa naira, na ɗora kuɗin kawowa da na kwastan, sai na ga ko ninki huɗu na kuɗina ba za su isa ba. Na kashe data na kwanta.

Ranar Asabar na roƙi yayana ya raka ni kasuwa. Mun zaga Sabon Gari, mun leƙa titin Beirut, mun bi ta Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo. Yawancin masu shago da na ce kyamarar fim nake nema sai su ɗauka ta bidiyo nake nufi, irin ta 'yan Kannywood. Sai na koma cewa "mai nagatif", sannan manya daga cikinsu suke ganewa. A wata rumfa, cikin kwalin tsofaffin rimot da caja, muka tono Canon AE-1, tana ƙyalli kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Mai rumfar ya ce 60,000, yayana ya taya 30,000, ya ce albarka. Na danna maɓallin ɗauka, shiru. Ya ce ai batir ne kawai babu. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, domin AE-1 ba ta motsi ko kaɗan sai da batir mai bolt 6, kuma ba irin wanda ake samu a teburin mai agogo ba ne. Amma hakan yana nufin ba ni da hanyar sanin lafiyarta kafin in biya, shi kuma ya ce kayan da ya bar rumfa ba ya dawowa. Raina yana so, na ajiye ta.

Wata ƙawata ba ta yi wannan haƙurin ba. Ta sayi Zenit-E, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai nauyi kamar dutsen guga, da arha sosai. Kyamarar kanta ba ta da laifi, an ƙera miliyoyinta kuma gilashin Helios da ke zuwa da ita yana fitar da hoto mai kyau. Sai da ta kai ta aji Malam ya buɗe bayanta ya ɗaga ta sama, muka ga haske yana ɗigowa ta labulen shotar, wanda na ƙyalle ne kuma ya tsufa ya huje. Duk hoton da za ta ɗauka sai ya fito da ɗigo-ɗigo.

Kawuna ne ya warware min. Ya ce in daina bin 'yan kasuwa, in nemi tsofaffin masu hoto, waɗanda suka ɗauki bukukuwan iyayenmu. Ya kwatanta min wani dattijo da ke da ɗan shago a cikin gari, wanda yanzu hoton fasfo da fotokwafi kawai yake yi. Na je da yayana bayan la'asar. Muka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "'Yata, ke da kanki za ki ɗauka, ko ado za ki yi da ita a wuya?" Na ce, "Baba, jarrabawa zan ci da ita." Ya yi murmushi ya shiga ciki, ya fito da wata akwatin ƙarfe.

Kyamara biyar ce a ciki, kowace a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Idona ya tafi kan wata Minolta SRT-101 mai farin ƙarfe. Ya ce wannan ƙarfe ce ta gaske, amma mitar haskenta da batirin makuri take aiki, wanda aka daina yi, kuma in aka sa mata na zamani allurar tana yin ƙarya. Ya ture ta gefe ya ɗauko mafi munin cikinsu, wata baƙar Yashica FX-3 wadda fatar jikinta ta saɓule tana manne wa hannu. Ashe wannan ciwon duk 'yan gidansu ne, fatar ce ke lalacewa, cikin kuma lafiya lau. Shotarta ba ta buƙatar batir, mita kaɗai ke ci, kuma ƙananan batira biyu ne masu lamba LR44, irin na kalkuleta, da ake samu a ko'ina. Muninta shi ya sa masu sayen na ado ba sa kallonta, shi ya sa kuma kuɗina suka kai.

Abin da ya fi kyamarar amfani a wurina shi ne yadda ya sa na gwada ta da hannuna kafin a yi maganar kuɗi. Zan kawo shi nan dalla-dalla, don na san akwai masu karanta wannan shafi da irin wannan kwas ke jiran su.

Ya ce in buɗe bayanta, in cire gilashin gaba, in fuskanci ƙofa, in danna a kowane gudu tun daga 1/1000 har zuwa daƙiƙa ɗaya. A kowane mataki ya kamata walƙiyar hasken ta ƙara tsawo. A daƙiƙa ɗaya ya ce in kasa kunne: za a ji zuuu sannan ƙas, ba tare da tangarɗa ba. In ta tsaya a tsakiya kamar mai tunani, man cikinta ya daskare, kuma gyaran zai iya fin kuɗin kyamarar. Daga nan ya nuna min bakin ƙofar baya, inda ake liƙa siririn soso don hana haske shiga. Na taɓa da yatsa, ya narke min kamar kwalta. Ya ce zafin ƙasar nan ba ya barin wannan soso, duk tsohuwar kyamara sai ka same shi haka, kuma ba abin tsoro ba ne. A gabana ya kankare shi da tsinken sakace da ɗan spirit, ya cusa baƙin zaren ulu a ramin, ya liƙa ɗan ƙyalle mai laushi a wajen ƙyauren.

Gilashin kuma ya haska shi da tocilar wayata ta baya, muka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce, in ji shi, babu gilashin da ya ga hunturu ashirin bai sha ƙura ba. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi in an ajiye shi wuri mai laima, domin tana cin fuskar gilashin ne, gogewa ba ta fitar da ita. Ya juya zoben buɗa haske ya nuna min ganyayen ƙarfen ciki suna tsukewa suna buɗewa da sauri, babu maiƙo a kansu. Ƙarshe ya buɗe gidan batir ya duba ko akwai farin gari ko kore, alamar tsohon batir ya fashe a ciki.

Ya ce in kawo 35,000. Yayana ya buɗe baki zai taya, na taka masa ƙafa. Mutumin da ya ɓata awa guda yana nuna maka aibin kayansa, ban ga fuskar yi masa ciniki ba. Shi da kansa ya rage 5,000, ya ce in sayi batir in hau mota.

A nan na ɗauka wahala ta ƙare. Ban san fim ne babban dodon ba. Kyamara sau ɗaya ake saye, fim kuwa kowane ɗauka 36 sai ka sake zaro kuɗi. A duk shagunan da na shiga ban samu sabo ba. Wanda aka nuna min a wani wuri wa'adinsa ya wuce da shekaru, kuma a kan kanta yake cikin zafi, wanda shi ne abin da ke dusar da fim. Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya shigar da takardar karyewar jari a 2012, amma har yanzu ana yin fim da sunansa, haka ma Ilford na Ingila da Foma na ƙasar Cek. Matsalarmu ita ce dukansu da kuɗin waje ake sayo su. Ƙwaya ɗaya daga Legas, da kuɗin aikowa, ta kusa lashe abin da ya rage min.

Dabarar da ta cece mu karo-karo ce. Ana sayar da fim mai baƙi da fari a dunƙule, tsawon ƙafa 100, wanda ke ba da kimanin gwangwani 18 masu ɗauka 36. Mu goma sha biyu muka haɗa kuɗi muka yi odar Fomapan mai lamba 100, muka karɓo tsofaffin gwangwanaye wajen wannan dattijon, muka yanka muka naɗa a ɗakin duhu na sashe, hannu kawai ke gani. Kowa ya tashi da guda ɗaya, sauran shidan muka ajiye wa wanda tsautsayi ya faɗa wa. A ganina wannan lissafin ya kamata malamai su fara yi wa ɗalibai tun ranar farko, kafin kowa ya zuba duk kuɗinsa a kyamara ya zauna da ita babu abin sawa a ciki.

Ni ce na fara cin ajiyar. Na kwashe yini guda a marinar Ƙofar Mata ina ɗaukar masu rini, ina jin kaina kamar J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda shi ma da 'yar Brownie ta fam biyu ya fara a 1950 kafin ya ɗauki hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu. Lambar ƙirga ta wuce 36, ta kai ƙarshe, hannun ja bai tsaya ba. Ashe tun farko bakin fim ɗin bai kama ba, iska na yi ta ɗauka. Garin ruɗewa kuma na buɗe bayan a tsakar rana, na janyo shi don in gani, na ƙona kusan rabinsa. Da na koma wajen Baba mai hoto ina neman kuka, ya ce shi ya manta bai gaya min ba: duk lokacin da na ja hannun, in kalli maɓallin naɗewa da ke hagu, in bai juya ba fim ba ya tafiya. Ya ƙara min da wata, wai ko batir ya mutu kada in tsaya. In rana ta take, in sa buɗar haske a 16, gudu kuma a lambar da ta fi kusa da ta fim ɗina, wato 1/125 ga mai lamba 100. In akwai hazo in buɗe zuwa 11 ko 8.

Na koma Ƙofar Mata da gwangwani na biyu. Wannan karon na rage rawar kai, domin kowane dannawa ina jin kuɗin adashina suna fita. Akwai dattijon da na tsaya kusan minti goma ina jiran ya ɗago shuɗin yadi daga rami kafin na danna sau ɗaya. Da waya ce da na yi masa talatin na tafi ban ma kalli hannunsa ba. Har yanzu ina ganin sharaɗin Malam ya yi wa marasa ƙarfi tsauri, kuma akwai 'yan ajinmu tara da ba su samu kyamara ba, muna ba su aro bi da bi. Amma na daina cewa mugunta ce.

Wankin ma da nasa rigimar. Ruwan magani ana so ya tsaya a digiri 20, ruwan famfonmu kuwa kamar an ɗora shi a wuta, sai da muka sayo ƙanƙara a bakin get muka daidaita shi. Cikin 36, goma sha ɗaya ne suka fito yadda zan iya nuna wa mutane, Malam kuma shida yake so. Ranar Alhamis zan miƙa. Kafin nan zan kai wa Baba mai hoto nagatif ɗin, don ya ce kada in kuskura in zaɓa bai ɗaga su a hasken ƙofar shagonsa ya gani ba. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.