SHARHI: Faifai Mai Tashi Da Da'irar Gona, Ina Hujja?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisun matasa da wayoyinsu. Yau a turo hoton wani haske a sama a ce wai jirgin wasu halittu ne daga wata duniya, gobe a turo hoton gonar alkama da aka kwantar da ita da'ira-da'ira a ce wai sawun saukarsu ne. Wasu kuma, don su sa wa abin rigar addini, sai su ce ai aljanu ne, ko alamar tashin ƙiyama. Abin takaicin shi ne har da 'yan'uwa masu zuwa karatu a cikin masu yaɗawa, alhali kuwa aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umurni da bincikar labari kafin a yi aiki da shi, aya ta 36 a Suratul Isra'i kuma ta hana mutum bin abin da ba shi da ilminsa.

To, bari a fara da gonar. A shekarun 1980 ne da'irorin suka yawaita a kudancin Ingila, musamman yankunan Wiltshire da Hampshire. Wani masanin yanayi mai suna Terence Meaden ya ce guguwa ce mai ɗauke da lantarki take saukowa daga bayan tsaunuka ta murɗe shuka. Maganar tasa ba ta rasa madafa ba, domin duk ɗan manomi ya san yadda iskar hadari kan kwantar da gero da dawa a dare ɗaya, kuma tun 1880 wani Bature ya rubuta wa mujallar Nature cewa ya ga alkama a kwance da'ira-da'ira bayan hadari a yankin Surrey. Amma fa guguwa ba ta iya jan miƙaƙƙen layi ba. Da aka wayi gari a 1990 da wani dogon zane a Alton Barnes, mai layuka da siffar makulli, sai bayanin iska ya kasa ɗaukar kayan.

Asiri ya tonu a watan Satumba na 1991. Wasu dattawa biyu 'yan Southampton, Doug Bower da Dave Chorley, suka gaya wa jaridar Today cewa su ne suke wannan aiki tun shekarun 1970. Kayan aikin nasu katako ne da igiya, sai hula mai ɗan zoben waya a gaba don saita layi. A mashaya suka ƙulla shawarar, da dare suke shiga gonar mutane. Don su tabbatar da zancensu suka yi wata da'ira 'yan jarida na kallo, aka kira Pat Delgado, wanda ya yi suna da rubuta littafi a kan abin, ya duba ya ce wannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Kunyar da ya sha ta isa darasi ga duk mai gaggawar yanke hukunci. Nan ya kamata 'yan'uwa su lura da cewa ko bayanin da ya zo da sunan kimiyya sai an gwada shi: Meaden ya fi masu zancen halittun sama kusa da hankali, amma shi ma hujja ta kayar da shi.

A sama kuwa, iska da haske suna da babban rabo a abin da mutane ke gani. Akwai wani irin gajimare da kan taru a saman duwatsu. Iska mai danshi ta hau dutse ta yi sanyi, tururin da ke cikinta ya zama gajimare a ƙololuwa, da ta gangara ɗaya gefen sai ya narke. Saboda haka iska tana ta wucewa amma gajimaren yana tsaye cak, sumul kamar faifai ko ƙwarya a kife. Irinsa ne ya bayyana a Bursa ta ƙasar Turkiyya a Janairun 2023, kusa da dutsen Uludag, hasken hantsi ya rine shi ja. Da girgizar ƙasa ta auku ranar 6 ga Fabrairu, wasu suka ce ai gajimaren ne ya yi gargaɗi, alhali tsakanin Bursa da inda ƙasar ta tsage akwai ɗaruruwan kilomita.

Sai tauraruwar Zara, matar wata, wadda bayan rana da wata babu abin da ya fi ta haske a sama. Idan ta yi ƙasa kusa da faɗuwa, haskenta kan ratsa iska mai kauri, hawa-hawa, wata da zafi wata da sanyi, sai ya riƙa karyewa. Mai kallo ya ga tana ƙyafta ja da kore, in ya ƙura mata ido cikin duhu har ya rantse tana tafiya. Karyewar hasken nan ita ce ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta da rana tsaka, kuma malamin Musulunci Ibnul Haisam ya yi bayaninta a Kitabul Manazir shekara dubu da ta wuce. Har na'urar hango jirage takan ruɗu: a Yulin 1952 da aka ga wasu ɗigo a na'urorin birnin Washington, sojan saman Amurka sun ce iska mai ɗumi ce ta hau kan mai sanyi ta lanƙwasa saƙon na'urar.

Daga 1947 zuwa 1969 sojan saman Amurka sun tara rahoto 12,618 na irin wannan gani, 701 ne kawai suka rage ba a gano su ba. Masu son zancen sukan riƙe wannan 701 su ce ga hujja. Rashin gano abu dai ba ya mai da shi jirgin wata duniya, iyakarsa ba a gano shi ba. Kuma akwai abin da ya fi dacewa matashi mai bibiyar siyasar duniya ya riƙe: a 1997 wani nazari na hukumar leƙen asiri ta CIA ya yarda cewa da yawa daga rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jiragen leƙen asirinsu ne irin su U-2, an kuma ɓoye wa jama'a gaskiya. Tarkacen Roswell na 1947 ma, sojan sun ce a 1994 na balan-balan ne da aka harba don sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyat. Ashe wanda ya shagala da neman baƙi daga sama ya bar mai leƙen gidan mutane ya wuce ta kansa.

Wannan jarida ba ta cewa ɗan Adam ya san duk abin da Allah (S.W.T.) Ya halitta. Mala'iku da aljanu gaskiya ne, nassi ya tabbatar da su. Amma jingina musu wani haske da aka gani bayan magariba da'awa ce, da'awa kuwa tana bukatar shaida. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Manzo (S.A.W.), yana cikin juyayin ɗansa, ya tashi ya gyara musu fahimta, ya umurce su da salla da addu'a. A Janairun 2001 kuwa da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri sun fita ƙone-ƙone, suna cewa zunubin gari ne ya jawo, alhali masu lissafin falaki sun san ranar da sa'ar tun shekaru kafin a haifi yawancinsu.

Ɗan'uwan da ya ga wani abu a sama, ya rubuta sa'a da nahiyar da ya gan shi, ya sake dubawa washegari a daidai lokacin. In ya same shi a wurinsa, tauraro ne. In kuwa jerin fitilu ne suna tafiya a layi ɗaya kamar ayari, ba ƙara ba ƙyaftawa, bayan magariba ko kafin asuba, to taurarin ɗan Adam ne na kamfanin SpaceX masu suna Starlink, waɗanda aka fara harbawa rukuni-rukuni tun watan Mayu na 2019.